Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Neja: A Tsare Mana Ruwan Gurara Kafin A Zo Maganar Otal

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma da fatan Allah Ya taya ka riƙon wannan jiha, ina neman aron kunnenka na ɗan lokaci a kan wani talaka naka da ba shi da ƙungiya, ba shi da katin zaɓe, ba ya zuwa gidan gwamnati neman alfarma, amma kuma bakinsa bai taɓa yin shiru ba, dare da rana. Magangarar ruwan Gurara nake nufi.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Labarin ƙasa na koyar a sakandare har na ajiye alli, kuma a duk darussan da ke cikin manhaja babu wanda ya fi mini daɗin koyarwa kamar darasin kogi, don ina da inda zan kai yara su gani da idonsu. Sai in shafe mako uku ina zane a allo, ina bayanin yadda ruwa ke cin dutse, yara na ta hamma. Amma ranar da muka cika mota muka kama hanyar Suleja zuwa Minna, muka saki babban titi a Bonu, tun ba a hango komai ba za ka ji surutu ya fara mutuwa a cikin motar, saboda wani gurnani da ke tasowa kamar hadari na gangami a nesa. Daga nan ni ma nakan kama bakina. Gani ya kori ji.

Na san ka san wurin, ranka ya daɗe, amma tun da wasiƙar a buɗe take, bari in kwatanta shi saboda wanda bai taɓa zuwa ba. Kogin Gurara daga tuddan kudancin Kaduna yake gangarowa, ya bi ta gefen yammacin Babban Birnin Tarayya, ya je ya faɗa kogin Kwara a saman Lakwaja. A nan cikin ƙaramar hukumar da ta ci sunansa, wadda hedikwatarta ke Gawu Babangida, sai ya ci karo da wani tsaunin dutse mai taurin kai da ya gagare shi ci, don haka ya tsallako ta kansa. Tsayin faɗowar kimanin mita 30 ne. Wannan ba wani abin a zo a gani ba ne a duniyar magangarun ruwa, ko Matsirga ta Kafanchan tana nan kusa da haka. Faɗin shi ne magana: kusan mita 200. Da damina, musamman Agusta da Satumba, kogin kan cika bakinsa ya zubo gaba ɗaya, jajawur da laka, feshinsa na jiƙa maka riga alhali kana tsaye can nesa, in ka yi wa na kusa da kai magana sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin rafi. Daga Janairu zuwa Maris kuwa sai ka rantse wani wurin aka kawo ka. Ruwa ya janye, ya rabu ƙananan hanyoyi yana bin tsagin duwatsu, fari tas, ƙasa kuma ga yashi da kududdufai masu sanyi.

Ni na fi son rani, don a lokacin ne dutsen ke nuna tabon da ruwa ya yi masa. Akwai ramuka a jikinsa, zagayayyu, masu santsi kamar cikin tsohon turmi. Nakan sa yaro ya durƙusa ya zura hannu har kafaɗa, sai ya zaro tsakuwa biyu ko uku, mulmulallu kamar ƙwan zabuwa. In ce masa ga maƙerin da ya haƙa ramin nan a hannunka: duk damina ruwa ke juya su a ciki, suna niƙa dutse, dutse na niƙa su, tun kafin a haifi kakan kakanka. A zuwana na baya-bayan nan na zura nawa hannun a irin wannan rami, abin da na fara zarowa ledar ruwa ce da murfin kwalba. Wannan kam aikinmu ne mu masu ziyara, ba zan ɗora wa kowa ba.

A ƙasar Suwizalan akwai magangarar kogin Rhine, a gefen wani ɗan gari da ake kira Neuhausen, kusa da Schaffhausen. Faɗinta mita 150, tsayinta mita 23. Wato Gurara ta fi ta faɗi, ta fi ta tsayi. Amma a shekara mutane fiye da miliyan ɗaya ke zuwa kallonta. Tamu kuwa tafiyar awa ɗaya zuwa biyu ce daga Abuja, gwargwadon halin da hanya take ciki, birnin da ya tara jakadu da ma'aikata da 'yan makaranta da ke neman inda za su sha iska ranar Asabar. Ban kawo wannan kwatanci don in ce mu zama Turawa ba. Na kawo shi ne don a san abin da Allah Ya ajiye mana ba ƙarami ba ne.

To amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba yawan baƙi ba ne. Ruwan kansa ne.

Magangarar ruwa ba kamar dutsen Zuma take ba, wanda ko an kula da shi ko ba a kula ba yana nan daram. Ita aron rai take yi daga sama. Duk abin da aka yi wa kogi a can, a nan za a ga sakamakonsa. Kuma Gurara yanzu kogi ne mai iyayengiji da yawa. A samanta, cikin Jihar Kaduna, gwamnatin tarayya ta gina madatsar Gurara, wadda tafkinta ke ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 880. Daga nan aka shimfiɗa bututu mai faɗin mita 3, tsawon kilomita 75, yana kai ruwa madatsar Usuma don shayar da Abuja. A jikin madatsar akwai tashar lantarki mai megawat 30, ga kuma noman rani na Azara da Jere. Sannan an daɗe ana maganar kashi na biyu, Gurara II, mai megawat 360, wanda a 2019 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a nemo masa bashin dala biliyan 1 daga Sin.

Kada a fahimce ni a karkace. Duk waɗannan abubuwan alheri ne. Mutanen Abuja 'yan'uwanmu ne, ƙishirwa ba ta san iyakar jiha ba, kuma ni da nake rubutun nan da fitilar caji ba ni ne zan yi faɗa da lantarki ba. Ban kuma ce madatsa ta kashe Gurara ba, duk wanda ya je a Satumba zai ƙaryata ni tun daga bakin hanya. Abin da nake cewa shi ne: Abuja kullum ƙara girma take yi, buƙatar lantarki ba ta raguwa, manomin rani yana da bakin magana, injiniya yana da lissafinsa a takarda. A teburin da ake rabon ruwan nan, wa ke zaune a madadin magangara? Rabon da aka yi ba ka nan, abin da ya saura a ƙasan tukunya shi ne naka.

Duniya ta riga mu ganin wannan. A Habasha, kimanin kilomita 30 daga Bahir Dar, akwai wani ɗan gari da ake kira Tis Abay, a bakin magangarar Shuɗin Nilu. Mutanen wurin hayaƙi suke kiranta, saboda feshinta. Da damina faɗinta kan kai mita 400. A farkon shekarun 2000 aka buɗe sabuwar tashar lantarki da ke karkatar da ruwan tun kafin ya iso bakin dutse, sai aka wayi gari baƙo ya yi doguwar tafiya ya zo ya tarar da bangon dutse da 'yar siririyar igiyar ruwa a gefe guda. Masu kwale-kwale da 'yan rakiya na garin su suka fara ji a jikinsu. A kan iyakar Burazil da Faragwai kuwa abin ya fi haka muni. Can a kogin Parana, gefen garin Guaira, akwai jerin magangaru da suka fi Nayagara, shahararriyar magangarar nan ta Arewacin Amurka, yawan ruwa nesa ba kusa ba. A watan Oktoba na 1982 aka rufe ƙofofin madatsar Itaipu, cikin mako biyu tafki ya haɗiye su, har yau babu su. A Yuganda ma magangarar Ripon, inda Nilu ke fita daga tafkin Biktoriya, ta nutse a 1954 bayan gina madatsar Owen.

Me ma ya kai ni nesa? A cikin jiharka, ranka ya daɗe, akwai kabarin irin wannan. Duwatsun Bussa da ruwa ke tafasa a kansu, inda Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, suna ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968, tare da tsohon garin Bussa, mutanensa aka kwashe su zuwa Sabuwar Bussa. Jihar da ta ba Nijeriya Kainji da Shiroro da Zungeru, ta kuma raba Jebba da maƙwabciyarta, ta biya zakkarta ta koguna har da ƙari. Ba rowa ba ce in ta ce wannan guda ɗayar a bar mata ita da ranta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa; mu namu gemun ma ya taɓa ƙonewa.

Akwai kuma waɗanda suka ci ribar abu biyun, kuma su nake so mu kwaikwaya. Nayagara, tsakanin Amurka da Kanada, tana cikin wuraren da aka fi tatsar lantarki a duniya, kuma ba ta fasa zama abin kallo ba. Sirrin takarda ce. A 1950 ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniya cewa da rana, a lokacin zuwan baƙi daga Afrilu zuwa Oktoba, dole a bar ruwan da bai gaza kimanin mita kubik 2,800 a kowane sakan ba ya bi ta magangarar. Da dare da kuma lokacin sanyi a bar rabin haka. Abin da ya haura wannan shi ne na injin lantarki. Adadi ne a rubuce, mai ma'auni, wanda in an karya shi akwai wanda za a tuhuma.

Irin wannan nake roƙo wa Gurara. Na san kogin da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, a tsarin mulkinmu, hurumin tarayya ne, ba abin da gwamna zai yanke shi kaɗai ba ne. Amma gwamna yana da murya a inda malamin makaranta ba shi da ita. Hukumar raya kogunan yankin Neja ta sama a Minna take zaune, haka ma hukumar kula da yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa. Ba sai ka hau jirgi ba. A zauna da su da ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya, a fitar da adadin ruwan da ba za a taɓa sauka ƙasa da shi ba a bakin magangara, wata-wata, rani da damina, a sa hannu, a buga kowa ya gani. Game da Gurara II kuma, dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992, ta tanadi a baje rahoto jama'a su duba. Muna so jihar ta nemi wannan rahoto, a fassara abin da ya shafi magangara da ƙauyukan bakin kogi cikin Hausa da Gbagyi, a karanta wa mutane a gabansu: ina za a tare ruwa, ina zai malala, me zai rage. A kafa ma'auni a wurin, a ba Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna amanar karanta shi da adana lissafin. Ba aiki ne mai cin kuɗi ba. Amma ranar da gardama ta tashi, wanda ke da lissafin shekara goma a hannu shi ake saurara, mai cewa "da can ruwan ya fi haka" sai a ce tsufa ne ke damunsa.

Ba madatsa kaɗai ke rage kogi ba. Duk mai bin wannan hanya ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Kowane buhu itace ne da ya daina riƙe ƙasa. In aka aske gaɓar kogi, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsayar da shi ya nutse, sai ya kwararo lokaci guda da laka, ambaliya da damina, ƙafewa da wuri da rani. A shata wani yanki a kewayen magangarar da bakin kogin sama da ita, a hana sara da ɗibar yashi a ciki, amma a yi shi da shawarar masu gonakin wurin, kada su wayi gari su ga turaku a gonar gado.

Sai maganar rai, kuma a nan zan ba da labarin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Wata shekara da rani na kai 'yan aji biyar. Tun daga inda muka ajiye mota wani saurayi ɗan wajen yake biye da mu, silifas ɗinsa a hannu. Na ɗauka ɗan neman na goro ne, har na ce masa, "Samari, mun gode, mun san hanya." Bai ce komai ba, ya dai ja baya kaɗan, bai tafi ba. Ina tsakiyar bayani, na juya wa rabin ajin baya, sai na ji ihu. Wani yaro ya taka wani baƙin dutse mai sheƙi don a ɗauke shi hoto, gansakuka ta kwashe shi, kafin ka ce kwabo ruwa ya kai masa ƙirji yana jan sa. Ban ko ɗaga ƙafa ba saurayin nan ya riga ya kwanta rub da ciki a kan dutse, ya damƙo wuyan rigarsa. Da aka fito da shi, yaron na kakarin amai, ni kuma gwiwoyina sun ƙi ɗaukata, sai saurayin ya ce, "Malam, dutsen da ya yi baƙi yana ƙyalli ba a taka shi. Kuma nan da kake gani shiru-shiru, ya fi can mai ƙara ci." Na ce, "Ɗana, yafe mini." Laifina ne, ni na kawo 'ya'yan mutane, ni na kori wanda ya fi ni sanin wurin. Ranar ni aka koya wa labarin ƙasa.

Abin da ya faɗa kuwa haka yake a ilmance. A gindin magangara ruwa juyawa yake yi kamar dawo-dawo, na sama ya komo baya, na ƙasa ya ja mutum ciki. Farin ruwan nan mai kumfa kuma cike yake da iska, ba ya ɗaukar jiki, gwanin iyo ma nutsewa yake yi a cikinsa. Ga wani haɗarin da baƙo ba ya tunani: sama tas a kanka, amma an kwana ana ruwa a can Kaduna, ko an saki ruwa daga madatsa, sai dutsen da kake zaune a kai ya zama tsibiri. Don haka a samu hanyar da masu kula da madatsa za su riƙa sanar da bakin magangara kafin su buɗe ƙofa, ko da kiran waya ne da jiniya guda ɗaya. A sa ƙarfen dafawa a matakala da wuraren tsayawa, a riƙa duba shi. A Guaira da na ambata, a watan Janairun shekarar da za ta nutse, mutane sun yi cincirindo don kallon bankwana, wata gadar igiya da aka daina kula da ita ta tsinke da su, rayuka da dama suka salwanta. Ƙarfen da ba a dubawa ya fi babu haɗari, don mutum ya ba shi amana.

Masu ceto kuwa ba sai an ɗauko su daga wani wuri ba. Suna nan, silifas a hannu. Samarin Bonu da ƙauyukan kewaye sun san kowane dutse da sunansa. A ɗebi wasu, a koya musu taimakon gaggawa, a ba su riga da igiya da rigar iyo da albashi, su zama su ne 'yan rakiya, su ne masu tsaro. A wannan zamani da labarin 'yan bindiga a wasu sassan jihar ke sa baƙo ya yi ta tambaya kafin ya fito, babu shingen da ya kai mutanen gari da suka san cewa abincinsu na tafe a motar baƙo. Kuɗin shiga kuma a karɓa da rasit, a ware wa al'ummar wurin kasonsu a rubuce, a manna a allo. Wanda ya ga rijiyar burtsatse ko rufin aji da kuɗin magangara ya yi, ba sai an roƙe shi ya hana zubar da shara ba.

Wannan ya kawo ni ga tarihi, wanda a ganina an yi masa riƙon sakainar kashi, mu malamai ma da namu laifin. Abin da ake ta maimaitawa shi ne wani mafarauci Bagwari mai suna Buba ne ya gano wurin a 1745, Turawa suka iso a 1925, sunan kuma daga Gura da Rara ya samo asali, abubuwan bauta biyu da mutanen da suke kai wa ziyara a wurin. Jimla uku ke nan, kowa na kwafa daga bakin kowa. Ni dai kalmar "ganowa" dariya take ba ni. Abin da ake jin rurinsa tun daga nesa, a ƙasar da Gbagyi suka daɗe suna noma da farauta, wa ya ɓoye shi har da za a gano? Haka aka ce David Livingstone ya gano magangarar Biktoriya a 1855, alhali mutanen da suka tuƙa shi a kwale-kwale suna da sunan da suke kiranta, Mosi-oa-Tunya, hayaƙi mai tsawa. Sannan mafarauci ba ya yawo da kalanda. Wannan 1745 ɗin akwai wanda ya ƙirga ta, ya kamata a san da me ya ƙirga.

Tsofaffin da ke riƙe da sauran labarin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai ba ta da nisa da wurin. A tura malaman tarihi da ɗalibansu da na'urar ɗaukar magana, su zauna da dattawa maza da mata, a yi hirar cikin harshen Gbagyi, ba ta bakin tafinta mai gaggawa ba: wa ya fara zama, me ake kiran kowane sashe na dutsen, ina ake tsallaka kogi kafin a yi gada, me ya faru da Turawa suka zo. Masarautar Suleja za ta iya buɗe ƙofofin da takardar gwamnati ba za ta buɗe ba, balle Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, Malam Muhammadu Awwal Ibrahim, shi ma ya taɓa zama a kujerar da kake kai, daga 1979 zuwa 1983. Na san akwai masu jin ƙyamar a ambaci Gura da Rara. Ina girmama su, amma Kanawa har gobe suna ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a kan Dala, kuma ba a ga masallatan Kano sun ragu ba.

Yanzu maganar otal. Tun ina da baƙin gashi nake jin za a gina katafaren masauki da wurin shaƙatawa a Gurara, masu zuba jari na nan tafe. Allah Ya kawo su. Sai dai mai kuɗi ba ya zuba jari a inda babu ƙafa, ƙafa kuma ba ta yawaita a inda mace za ta zo da 'ya'yanta ta rasa banɗaki mai tsabta, tsoho ya rasa benci a inuwa, mai son salla ya rasa inda zai shimfiɗa darduma. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A gyara ɗan reshen hanyar da ya shiga daga babban titi, a sa alamar da direba zai gani tun daga nesa, a ajiye kwandunan shara da wanda zai kwashe su, a rubuta gargaɗi cikin harsunan da masu zuwa ke ji. In an yi waɗannan shekara biyu a jere ba fashi, mai otal da kansa zai zo yana sallama. In ya zo kuma, don Allah a ja masa layi nesa da bakin ruwa. Kada a sare itatuwan da ke wurin a dasa na roba, kada a shafa wa duwatsu fenti, kada a kafa lasifikar da za ta yi gasa da rurin da mutane suka zo ji. Garin neman gira kada a rasa ido.

Gurara ma ba ita kaɗai ba ce a kan wannan hanya. Baƙon da ya fito daga Abuja da safe zai wuce ta gindin Zuma a Madalla, dutsen da ke jikin takardar naira 100. Zai shiga Suleja, wadda ita ce Abuja ta asali, garin da Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828, inda Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce yau a bayan takardar naira 20. Kuɗi biyu na ƙasar nan ke ɗauke da hoton wannan 'yar tazara. Ya ƙarasa Gurara da azahar, ya koma gida kafin magariba. Tafiyar yini guda ce da ta haɗa kanta da kanta, jira kawai take a ɗaura mata zare. Makarantun jihar ma a sa musu ita cikin tsarin shekara, tare da ƙa'idar yawan yaran da malami ɗaya zai riƙe, saboda irin abin da ya same ni.

Roƙona na ƙarshe mai sauƙi ne, ranka ya daɗe. Ka je sau biyu, ba da jerin gwanon motoci ba, ba tare da an share wurin saboda zuwanka ba. Ka je a Satumba, ka koma a Maris, ka tsaya a kan dutse guda duka biyun. Ka tafi da injiniyan ruwa ɗaya, ka sa a kira maka dattijo ɗaya daga Bonu, ka tambaye su a gaban juna nawa ne ruwan da ya kamata a bari. In ka ga wani saurayi na biye da ku da silifas a hannu, kada dogarai su kore shi.

Allah Ya ƙara wa Mai girma lafiya, Ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin labarin ƙasa